Ciwon Da Ya Ƙi Tafiya Bayan Rauni Ya Warke



Ku da ke zaune a bakin hanyar Bauchi zuwa Gombe, ba sai an gaya muku irin ɓarnar da haɗarin mota da na babur ke yi ba. Sau da yawa mutum yakan karye, a yi masa ɗori, ƙashi ya kama, amma ya shekara yana kukan zafi kamar an ɗora masa garwashi. Wani ko rigarsa ce ta taɓa wurin sai ya zabura. Daga nan sai a soma cewa raki ne, ko sammu, ko iska. To, a kan wannan ne nake so in ja hankalinku yau.

Jijiyar da muke nufi ba ta jini ba ce, ita ce wadda ke ɗaukar saƙo daga fata da gaɓoɓi, ta bi ta laka, ta kai ƙwaƙwalwa. Haɗari yana iya lahanta ta, haka kuma ciwon sukari, da kuturta, da allurar da wanda bai iya ba ya yi wa yaro a ɗuwawu. Idan ta lahanta, sai ta riƙa aika saƙon ciwo ba dalili. Laka kuwa, saboda yawan saƙon, sai ta koyi ƙara masa ƙarfi kafin ta miƙa shi sama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ciwo mai daɗewa idan ya wuce wata 3.

Tun 1864 wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, ya bayyana irin wannan ƙuna a jikin sojojin da harsashi ya taɓa wa jijiya a yaƙin basasar ƙasarsu. Amma sai da aka sami na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kana aka ga abin da ke faruwa a ciki. A 2004 masana a Jami'ar Northwestern ta birnin Chicago suka auna masu ciwon baya mai daɗewa, har da waɗanda jijiyar ƙafarsu ta taɓu, suka tarar ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya ragu da kashi 5 zuwa 11 cikin ɗari bisa na masu lafiya. A 2012 kuma suka nuna cewa waɗanda sashen goshin ƙwaƙwalwarsu ya fi ƙulla hulɗa da sashen da ke kula da sha'awa da kwaɗayin lada, su ne ciwo ya fi zaunar wa. Watau ciwon yakan bar wurin rauni ya kama hanyoyin tunani da na zuciya, kamar yadda yawan bi ke mai da burtali hanya. Abin da ya sa ke nan mai wannan lalura yake fama da rashin barci, da mantuwa, da saurin fushi.

Kada wannan ya karya muku zuciya. A 2011 masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka ga cewa bayan an yi wa masu ciwon baya magani sun sami sauƙi, sashen da ya sirance ya sake kauri. Ashe ƙwaƙwalwar da ta koyi ciwo tana iya koyon sauƙi.

Saboda haka ga gargaɗi. Na farko, wanda ya ji ƙuna, ko tsira kamar ta allura, ko mutuwar gaɓa bayan rauni, ya hanzarta zuwa asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin garin Bauchi. Na biyu, a guji sayen tiramol a kasuwa, domin yana kama jiki, ya bar mutum da cuta biyu. Akwai magungunan jijiya na musamman, amma likita ne ke rubuta su, kuma sukan ɗauki makonni kafin su yi aiki. Na uku, a daina sakiya da tsaga a gaɓar da ba ta ji, gama miki ne ake ƙara mata. Na huɗu, a lizimci gashi da motsa gaɓa yadda malaman asibiti suka nuna.

Ku kuma iyali, in ɗan'uwanku ya ce yana jin ciwo, ku gaskata shi, ku raka shi asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalam.