Ruwa: Abin da Yake Yi wa Jiki da Abin da Ba Ya Yi

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na 'yan ƙungiya, Shagari Low Cost, Yola

 

An ce mu yi magana a kan ruwa. Mu ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu Islamiyya, sai abin da muka tsinta a bakin masu asibiti da rediyo. Amma dai mun daɗe muna shan ruwan garin nan. Iyayenmu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya suka sauka a bakin Binuwai, kuma kalmar Fulatanci da baƙo ke fara riƙewa a nan ita ce ndiyam, don ƙishirwa ba ta jiran mutum ya iya yare.

Bari mu fara da laifinmu, mu na kasuwa. Mutum zai fito da safe ya buɗe rumfa a kasuwar Jimeta, daga nan har azahar bai kurɓi ruwa ba. Ba don babu ba. Dalili shi ne idan ya sha, fitsari zai matsa masa, makewayi kuma da nisa, ga mai saye tsaye. Sai ya gwammace ya bar cikinsa a bushe. Mata masu sana'a ma haka suke yi, har sun fi mu. To a watan Maris da Afrilu zafin Yola yana wuce digiri 40, gumi na zuba kamar an kwara wa mutum guga. Masana sun ce kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne. Wannan gumin daga cikin jarin yake fita, kuma kowane ɗan kasuwa a nan ya san abin da ke samun wanda yake cin uwar kuɗi ba ya mayarwa.

Wadda ke fara biyan bashin ita ce ƙoda. Aikinta tace jini dare da rana, ta fitar da datti ta hanyar fitsari, kuma da ruwa take wannan aiki. Idan ruwa ya yi ƙaranci, fitsari sai ya yi kauri, gishirin da ke cikinsa ya daskare ya zama tsakuwa. Wanda ya taɓa ganin mai tsakuwar ƙoda yana birgima a tabarma ba zai so wa maƙiyinsa ba. Kafin a kai nan akwai ciwon kai na yamma, da kasala, da bushewar ciki, waɗanda muke saye wa magani a kemis alhali kofi biyu na ruwa ne jiki yake roƙo.

Nawa za a sha? Babu mudu ɗaya da ya auna kowa. Mai ɗaukar buhu a rana ba ɗaya yake da mai zama ƙarƙashin fanka ba. Ma'aunin da ba ya cin ko kwabo shi ne mutum ya duba fitsarinsa. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau. In ya yi duhu kamar shayin da ba madara, a ƙara ruwa. Da azumi kuma, wanda a 2024 da 2025 ya faɗo a tsakiyar zafin Maris, kada a cika ciki da ruwa lokaci guda da buɗe-baki. A rarraba shi kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa sahur. Tsofaffinmu a riƙa miƙa musu ko ba su nema ba, don tsufa yana rage jin ƙishirwa. Sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, shi maganar likitansa zai bi, ba tamu ba.

Akwai mutum ɗaya a gida da ba ya bukatar ruwa: jaririn da bai kai wata 6 ba. Mun san kakanni za su ce ina aka taɓa barin yaro ba ruwa a zafin Yola? Gaskiya mu ma da farko mun yi gardama. Amma nonon uwa mafi yawansa ruwa ne, kuma tsaftatacce. Ruwan da ake ɗura wa jariri yakan cika masa ciki ya rage shan nono, wani lokaci ya zo masa da gudawa. Uwar ce za a ƙara wa ruwa da kunu.

Yanzu ga maganar kyau, wadda muka san don ita wasu suka zo da wuri. Ana yawo da saƙonni a waya wai in ka sha kofi huɗu da asuba kafin ka wanke baki, ciwon suga zai tafi, hawan jini zai tafi, fata za ta yi fari. Jama'a, wannan ba haka ba ne. Kada wanda ke shan maganin suga ya ajiye shi saboda saƙon WhatsApp. Ruwa ba ya canja launin da Allah ya ba mutum. Abin da yake yi shi ne, wanda jikinsa ya ƙoshi da ruwa ba za ka ga leɓensa ya tsage ba, ido bai faɗa ba, baki ba ya wari irin na bushewa. Lokacin hunturu kuwa, sha kaɗai ba ya hana kaushi da faso. Sai an yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ƙwarai ba, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki da sauran laima.

Abin da ke ba mu takaici shi ne gidan da za a sayi man bilicin mai tsada, amma a yi jayayya a kan kuɗin jarkar ruwa mai kyau. Wasu daga cikin mayukan nan akwai sinadarin makuri a ciki, wanda ke lalata ƙodar da muka gama magana a kanta, shi ya sa hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Mu kuwa a kyauta aka ba mu wankin fuska da hannu da ƙafa sau biyar a rana. Masu aikin ido suna cewa wanke fuskar yara yana cikin manyan hanyoyin kare su daga amosanin ido mai makantarwa. A haɗa da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida, an rage gudawa da yawa.

Duk wannan alheri yana da sharaɗi guda, ruwan ya zama mai tsafta. A nan ne mu mutanen Shagari ba ma bukatar a ba mu labari. Ranar Lahadi 27 ga Yuli 2025 ruwa ya shigo mana da asuba, mu da Yolde Pate da Sabon Pegi, aka rasa rayuka fiye da 20. Allah ya ji ƙansu. Ruwan ya janye, amma ya riga ya bi ta kan masai da bola kafin ya faɗa rijiyoyi. Rijiya tana iya yin garai-garai a ido alhali ƙwayar kwalara na ciki. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, a 2018 kuma ta yi ɓarna a Mubi, nan kusa da mu.

Kada wannan ya karya mana zuciya. Dattawa a nan sun tuna kurkunu, yadda take kwantar da manomi damina guda cur. A 1988 an ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya. Babu allura, babu ƙwaya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki aka ci ƙarfinta, Janar Yakubu Gowon ma ya zagaya ƙauyuka a kan wannan aiki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita.

To me ke hannunmu? Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa shi, ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa masa maganin ruwa irin WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalba. Dakakkun 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, amma ba su isa su kashe cuta ba, sai an tafasa. Randa a rufe ta, moɗa ɗaya a rataye, ba kowane yaro ya tsoma kofinsa da hannunsa ba. Ɗan ga-ruwan da ke turo mana kura, ba rashin kunya ba ne a tambaye shi inda ya ɗebo, a kuma leƙa cikin jarkar. Mai haƙa sabuwar rijiya ya nisanta ta da masai, ana son mita 30, kuma mun san filayenmu ba su da faɗin haka, shi ya sa maganar ta zama ta maƙwabta, ba ta gida ɗaya ba.

Idan gudawa ta kama yaro, kada a hana shi ruwa wai don ta tsaya. Bushewar jiki ce ke kisa. A kaɗa masa ruwan gishiri da suga na leda da ake sayarwa a kemis. In babu, a sami lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti.

Malam Shugaba, roƙonmu shi ne kafin damina ta sake faɗuwa a rubuta sunayen gidajen da ruwa ya shiga rijiyarsu kuma ba a yashe ta an zuba magani ba. Sakatare yana bakin ƙofa da littafi, kowa ya tsaya ya faɗi layinsa kafin ya fita. Wanda ba shi da halin yasa kada ya ji kunya, a faɗa, asusun ƙungiya ya duba.