Matakan Da Aka Bi Daga Teburin Malami Zuwa Kujerar Shugaba

Jawabin da aka karanta a taron tunawa da ma'aikatan En'e

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.  Abin da za a yi magana a kansa yau shi ne yadda ma'aikacin En'e ya kan tashi daga teburin malami har ya kai ga riƙon ofis, da irin horon da aka nema gare shi kafin a danƙa masa.

A zamanin da, mutum ya kan koyi mulki ne a zauren ubansa ko na ubangidansa. Yana zaune yana jin yadda ake yanke magana, ana aikensa, har ya gane jama'a. Amma da aka kafa Baitulmali a manyan ƙasashe wajen 1911, sai al'amari ya sake. Haraji da jangali suka zama abin rubutawa, kowane sule da rasit nasa, sarki da hakimi da alkali suka koma kan albashi, aka shiga yin ƙiyasin kuɗin shekara. Tun daga ran nan shugaban da bai iya karanta littafin kuɗi ba ya faɗa hannun malaminsa. Abin da malami ya rubuta shi zai buga wa hatimi, in kuwa mai bincike ya zo ya tarar da giɓi, mai hatimi za a fara tambaya. Wannan shi ne asalin abin da ya sa gado shi kaɗai ya daina isar mai sarauta.

Saboda haka aka buɗe makarantu. A 1909 Ɗan Hausa ya fara tasa a Nasarawa ta Kano, inda aka tara 'ya'yan sarakuna da malamai. A 1922 Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, kāna Zariya a 1949, ita ce ake kira Barewa yanzu. An kafa ta domin horon malaman makaranta ne, amma En'e ta riƙa ɗebe waɗanda suka fito, gama ba inda za ta sami irinsu. Wajen 1930 kuma aka shirya makarantun Midil a larduna. Yaro ya gama elementare ya shiga Midil, ya koyi Turanci da lissafi, in ya fito a kai shi ofishin hakimi, ko Baitulmali, ko asibiti, ko ofishin daji, ko kotu. Ɓangaren shari'a ma ba a bar shi baya ba. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka kawo malamai daga Sudan, domin alkalai da muftai su fito da karatu mai tsari.

To, amma takardar Midil ƙofa kawai ta kan buɗe. Horon gaske a bakin aiki ya ke. Malamin kotu, misali, dole ya rubuta maganar mai ƙara da ta wanda aka yi ƙara da ta shaidu kamar yadda suka faɗa, ba ƙari ba ragi, domin in an ɗaukaka ƙara littafinsa ne zai yi magana a inda shi ba ya nan. Ya karɓi kuɗin tara da ushirar gado, ya ba da rasit, ya kai Baitulmali, lissafinsa ya dace da na Ma'aji har kwabo. Wanda ya yi shekaru yana wannan ba a taɓa kama shi da gyaran lamba ba, shi manya su ke sa wa ido in gurbi ya faɗi.

Da aiki ya ƙara yawa, aka ga koyo a bakin aiki ma bai wadatar ba. Sai aka buɗe makarantar horon akawu a Zariya, wadda a 1954 ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo. Can aka riƙa aika ma'aikatan En'e su koyi tsarin kuɗi da dokokin mulki, can kuma aka horar da alkalai sa'ad da za a fara aiki da sabuwar dokar laifuffuka a 1960. A 1962 makarantar ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello.

Mai sunan jami'ar nan kuwa shi kansa ta wannan tsani ya hau. Ko da ya ke jinin Shehu ne, sai da ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, kāna aka naɗa shi hakimin Raba a 1934. A 1938 ya zama Sardauna, aka tura shi Gusau ya lura da gundumomin gabas. A 1943 aka tuhume shi a kan kuɗin jangali, aka yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta wanke shi. A 1948 ya tafi Ingila ya ga yadda ake tafiyar da mulkin gundumomi. Bai zama Firimiyan Jihar Arewa ba sai 1954, watau shekara 23 bayan fitowarsa daga kwaleji. Abin lura a nan biyu ne: sannu ba ta hana zuwa, kuma kuɗin jama'a ba su san ɗan sarki ba, kowa ya riƙe su za a tambaye shi.

Waɗanda suka yi ilmin nan su ne kuma suka fara faɗa wa En'e gaskiya. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa, tsohon malamin Midil ta Bauci, ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a bincika aikin En'e a gyara shi, talaka ya sami bakin magana. Maganar ta yi wa wasu zafi, amma a 1954 aka yi sabuwar dokar En'e.

Yau En'e ta wuce. An karɓe kotuna da 'yan doka an mayar hannun gwamnati, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi. Mai neman shugabancin ofis yanzu difloma ko digiri ake nema gare shi, da cin jarrabawar ƙarin girma. Lalle ya neme su, kada ya ce shekarunsa sun wuce komawa aji, gama hakimai masu rawani sun zauna a kan benci a Kongo. Amma kada ya raina teburin da ya ke kai. Ya koyi littafin kuɗi, ya koyi rubuta wasiƙa da rahoton taro, ya karanta kowace takarda kafin ya sa hannu, ya kuma koya wa na ƙasa da shi abin da ya sani, domin ba a cika ɗaga wanda ba shi da magaji a teburinsa ba. Wanda ya tsallake matakan nan ya hau kujera, sunan shugaba ke gare shi, amma malaminsa ke mulki.

Allah ya jiƙan magabatan da suka riƙe amanar Baitulmali da ta kotu, ya ba na baya ikon koyi da su. Allah ya ja zamanin Sarki. Amin.