Likitar Ƙashi Mai Lambar Zinariya Biyu: Jawabin Taron Shekara-Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



 Da kwamiti ya nemi in yi magana bana, sai na roƙi a bar ni in kawo labarin wata mace daga Amurka, saboda labarinta ya shafi shawarar da za mu yanke yau a kan filin wasan makarantarmu.

Sunanta Dot Richardson, kuma wasanta sofbol. Ga wanda bai san shi ba, ƙanin besbol ne. Kowace ƙungiya mutum 9 ke gare ta a fili. Mai jifa tana wurgo ƙwallo ta ƙasan hannu, mai sanda ta buga, sannan ta ruga ta zagaya tashoshi 4. Idan ta dawo inda ta tashi ba a fitar da ita ba, ƙungiyarta ta ci ɗaya. Akan yi zagaye 7 kafin a tashi wasa.

An haife ta a 1961 a birnin Orlando na jihar Florida. Tana da shekara 10 wani mai horar da yara maza ya ga yadda take jifa, ya ce zai sa ta a ƙungiyarsa ta besbol, amma da sharaɗin ta aske gashinta, a riƙa kiran ta Bob. Yarinyar nan ta ƙi. Ta shiga sofbol na mata da sunanta na yanka, kuma tana shekara 13 ta riga ta fara wasa da manyan mata a ƙungiyar Orlando Rebels.

Daga nan ta tafi jami'ar UCLA, inda ƙungiyarsu ta ci kofin jami'o'in Amurka a 1982. Duk da haka ba ta ajiye littafi ba. Ta shiga karatun likita a jami'ar Louisville, ta gama a 1993, ta koma Los Angeles koyon aikin tiyatar ƙashi. Likitocin da ke cikinmu sun san wannan mataki: kwana a tsaye, barci sai na sata.

To, ana cikin haka ne aka sa sofbol a gasar Olamfik karo na farko, wato ta Atlanta a 1996. Lokacin shekarunta 34, shekarun da mafi yawan 'yan wasa sun rataye takalmi. Ta nemi hutun shekara ɗaya daga asibiti, aka ba ta. A wasan ƙarshe Amurka ta kara da Sin, ta yi wani bugu da ƙwallon ya tsallake shingen fili, ya kawo ci 2. 'Yan Sin sun yi gardama cewa ƙwallon ya fita gefen layi, alƙalai suka ce ya yi daidai. Aka tashi 3 da 1. Ta karɓi zinariya, ta koma asibiti ta ƙarasa horonta. A 2000 kuma, a birnin Sydney, ta sake cin zinariya bayan sun doke Japan 2 da 1, tana shekara 39. A 2013 ta zama mai horar da ƙungiyar sofbol ta jami'ar Liberty.

Me ya kawo wannan labari nan? Bari in tona wa kaina asiri. Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna ni ce nake ɗaukar wa gidanmu tseren mita 400 a gasar gidaje. Da muka shiga aji huɗu, wani babba a danginmu ya gaya wa mahaifina cewa yarinyar da ke tsalle-tsalle a fili ba ta cin jarrabawa, kuma ba ta samun miji. Daga ranar na ajiye takalmin gudu. Malamar wasanninmu ta kira ni har sau uku, na riƙa ɓuya a ɗakin karatu. Malama, ga ki nan zaune a gaba, yau nake neman gafararki. Na ci jarrabawar, gaskiya ne, amma har yanzu ban ga hujjar cewa da na ci gaba da gudu zan faɗi ba. Abin da na tabbatar shi ne tun lokacin ban sake gudun mita 100 ba, ga shi yanzu likita na rubuta mini tafiyar safe kamar magani.

Dot Richardson ita ma an ba ta zaɓi sau biyu. Da farko an ce ta sauya kamanninta kafin ta yi wasa, daga baya kuma aiki ya nemi ya raba ta da fili. Ta riƙe mutuncinta, ta riƙe karatunta, ta riƙe sandarta. Amma mu lura, ba ita kaɗai ta yi ba. Akwai ƙungiyar mata da ta karɓe ta tana ƙarama, akwai jami'a mai fili, akwai asibitin da ya ba ta hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da safen nan na zagaya filinmu. Ciyawa ta kai gwiwa, layin tsere ya ɓace, ƙarafan raga sun yi tsatsa. An kawo shawarar a bar shi haka, a zuba kuɗin bana duka a gyaran ƙofar shiga. Ba na raina ƙofa. Sai dai ina roƙon a ware wani kaso a share filin, a kewaye shi yadda 'yan mata za su motsa jiki cikin sutura da natsuwa, iyaye kuma hankalinsu ya kwanta. Ba na cewa sai mun fitar da zakarar Olamfik. Ina cewa kada wata yarinya ta sake ɓuya a ɗakin karatu kamar yadda na yi. Ni na ɗauki nauyin fenti da takalma 20, sauran kuma na bar muku.