Barci ne ke share ƙwaƙwalwa

 Maganarmu ta yau ta ku ce, ku masu kwana gadin shanu, da masu bin lori da dare daga Kulungugu zuwa Kumasi.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Duk wurin da ake aiki haka kuwa, dole shara ta taru. To wa ke kwashe ta?

A 2013, Maiken Nedergaard da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka sun bincika ɓeraye. Sun ga idan ɓera ya yi barci, ratar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa tana ƙaruwa da kusan kashi 60 cikin 100, sai ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya kutsa ya wanke datti. Cikin dattin har da wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa na tsufa. A 2019 kuma, masana a Jami'ar Boston suka ga ruwan nan yana shiga yana fita a kan ɗan Adam, kusan duk daƙiƙa 20, lokacin barci mai nauyi. Kamar kasuwa ce: sai an watse ake samun wurin sa tsintsiya.

Za ka ce ai akwai goro da shayi. Gaskiya suna buɗe ido, amma toshe alamar gajiya kawai suke yi, sharar tana nan. Shi ya sa direba kan yi gyangyaɗi na 'yan daƙiƙu bai sani ba, mai awo ya rikita lissafi, makiyayi ya farka ya tarar garke ya shiga gonar mutane. Kun san abin da wannan ke jawowa.

Babba na bukatar barcin awa 7 ko fiye. Don haka ku raba gadin dare, kada mutum ɗaya ya kwana ido biyu kullum. Uban mota, ka sa direba biyu a doguwar tafiya. A rage goro da shayi daga la'asar. In barci ya kama ka a hanya, ɗan'uwa, tsaya wuri mai tsaro ka runtsa ko da minti 20 ne. Gara albasa ta makara da a kai wa iyalinka mummunan labari.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya.