Gudun Taimako



Dattawa ba su manta da yunwar 1984 ba. A ranar 25 ga Mayu 1986, miliyoyin mutane a ƙasashen duniya suka fito gudu domin tara kuɗin taimakon Afirka. Wani ɗan Sudan, Umar Khalifa, shi ya ɗauko wuta daga ƙasarsu, ya kai ta birnin New York. Wannan gayya ce, amma da ƙafa ake yin ta.

Samarinmu ma za su iya. Dogon gudun da ake kira maraton kilomita 42 ne da ɗoriya. Ba a fara shi rana ɗaya. A fito bayan sallar asuba. A yi gudu kaɗan, a yi tafiya kaɗan. Kowane mako a ƙara nisa. A sha ruwa, a huta. Mai ciwon ƙirji ya fara ganin likita.

Kuɗin taimako amana ne. Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta sunan mai bayarwa da abin da ya bayar. Ku karanta a gaban jama'a.

Allah ya ba mu sa'a.