Jawabin Shugaban Kanikawa da Masu Walda a Bikin Yaye Ɗaliban Aikin Na'urorin Tace Iska, Birnin Ƙonni

 

Mai girma wakilin Gwamnan jahar Tawa; masu girma shugabannin gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela; Mai martaba Sarkin Ƙonni, Allah ya ja zamaninka; wakilin Mai martaba Sarkin Adar, wanda ya kamo hanya daga Illela tun da asuba; wakilin Sarkin Dogarawa; shugabannin ƙananan hukumomi, daga Tsarnawa da Bazaga da Alela har Tajaye da Badagishiri; shugabannin jami'an tsaro; jami'an koyar da sana'o'i na jaha da na gunduma; wakilan masana'antu; limamai da malamanmu; iyayenmu mata; alhazan kasuwa; 'yan jarida; sai ku 'ya'yanmu da muka taru dominku: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yaran nan da kuke gani cikin shuɗin kaya sun yi watanni suna koyon aikin da a da sai an jira baƙo kafin a yi shi. Yau sun iya kwance gidan jakunkunan tace ƙura su mayar da shi yadda yake. Sun iya karanta agogon da ke nuna bambancin matsin iska kafin mataci da bayansa, su gane ko ya toshe ne ko ya yage. Sun yanka ƙarfe da hannunsu, sun naɗe, sun yi walda, sun fitar da mazurarin nan mai juya iska har ƙura ta zube ƙasa, irin wanda ake ɗaura wa injin niƙa da na casar shinkafa. Sun yi aiki a kan filtar janareta da ta manyan motoci da ta na'urar sanyaya ɗaki. 'Yan matan cikinsu kuwa sun koyi auna jakar tace ƙura da ɗinka ta, kuma na duba ɗinkin da idona, babu inda zan ce a warware. Muna godiya ga malamansu, da masu garejin da suka buɗe musu ƙofa ba tare da sun karɓi ko dala ba, da iyayen da suka haƙura da rashinsu a gona lokacin da ake bukatar hannu.

Ranka ya daɗe, kowa a nan ya san cewa simintin Nijar a Malbaza aka haife shi, tun shekarun 1960, zamanin Diori Hamani. Daga baya aka buɗe sabuwar masana'antar da aka gina don ta iya fitar da tan 650,000 a shekara, kuma a 2018 aka buɗe tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7. Ga masana'antar siminti ta Badagishiri ta zo. Idan ka ƙetara iyaka, ga ta Kalambaina a Sakkwato. Ga asibitin Galmi da ke karɓar marasa lafiya tun 1950, ga famfunan ban ruwa a fadama, ga manyan motocin albasa da na siminti da ba sa yankewa a kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Duk abin da na lissafa, ko dai yana shaƙar iska ko yana fitar da ita. Iskar tamu kuwa kun san halinta: da hunturu ya kama, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi sai ta rufe mu, har mai babur ya kunna fitila da hantsi.

A masana'antar siminti, murhun da ke gasa dutse yana kai zafin digiri 1,450. Iskar da ke fitowa daga can da wurin niƙa ana bi da ita ta cikin jakunkuna masu tsawo, ɗaruruwa a jere. Ƙura ta maƙale a jikin yadin, iska ta wuce, lokaci-lokaci a buga wa jakar iska mai ƙarfi ta kakkaɓe, abin da ya zubo a mayar da shi cikin aiki. Wato ƙurar nan kuɗi ce, duk wadda ta tsere ta bututu asarar mai ita ce kafin ta zama ciwon maƙwabci. Kuma jaka suna suka tara. Ta zaren gilashi tana jure zafin da ya kai digiri 260, ta poliyesta ba ta kai nan ba ko kusa. Wanda bai san wannan ba zai sa ta inda za ta ƙone cikin yini guda.

To, daga ina ake samo su? Babu wadda ake yi a nan. Manyan masu wannan kasuwa su ne irin su Donaldson na Amurka, da Camfil na Suwidin, da Mann+Hummel na Jamus, sai tarin kamfanonin ƙasar Sin. Tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, ko a sayo su hannu na uku daga Kano. Amma ku ɗalibai, ku riƙe wannan: kamfanin Donaldson ɗin nan a 1915 ya soma, lokacin da tarakta ɗin wani manomi ya riƙa mutuwa saboda ƙurar gona, wani saurayi mai suna Frank Donaldson ya haɗa masa mataci da waya da ƙyalle. Waya da ƙyalle! Akwai su a kasuwar Ƙonni.

Yanzu, Allah ya ja zamaninka, ka ba ni izini in ajiye wannan takarda. Yaran da suka rubuta mini ita sun yi ƙoƙari, amma akwai maganar da ba su sa ba, ita ce kuma ta hana ni barci jiya.

Kai mai waya a can baya, don Allah kashe ta. Maganar nan da kai nake.

Mutum zai sayi injin miliyoyi, ya yanka rago ranar da aka kunna shi, ya kira malamai su yi addu'a. Bayan wata shida bakanike ya ce masa, Alhaji, filta ta gaji, a canza. Sai ya ce a kai wa mai faci ya hura mata iska. A hura, a mayar. Ta sake toshewa, a sake hurawa, har takardar cikinta ta tsage inda ido ba ya gani. Wani ma da ya ga injin yana shaƙewa, sai ya sa ƙusa ya huda ta don iska ta wuce. Wani ya cire ta gaba ɗaya ya jefa bayan shago. Ga Alhaji can yana dariya, ya san ban yi ƙarya ba! Shekara ba ta zagayowa sai ƙura ta cinye ringi da fistin, injin ya soma shan mai yana hayaƙi, a kira bakanike a ce shi ya lalata. Shekara nawa muna ɗaukar wannan zagi a gareji, alhali abin da aka ƙi saya bai kai kuɗin ragon nan ba?

Sai kuma masu jabu, kuma su ne suka fi ƙona mini rai. Kwali mai kyau, suna mai kyau, lamba daidai, ka buɗe ka tarar da takardar da ko koko ba za ta tace ba. Akwai masu tsinto tsohuwa su wanke ta da omo, su shanya, su fesa fenti a baki, su sayar a matsayin sabuwa. Ba zan kira sunan kowa ba a gaban Sarki, amma sun san kansu, mu ma mun san rumfunansu. Wanda ya sayar wa mai babur jabu ya ci kuɗinsa. Wanda ya sayar wa ɗakin tiyata jabu fa, me ya ci? Matacin da ake sawa a irin wannan ɗaki an yi shi ne ya kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da ido ba zai taɓa gani ba. Idan na ƙarya ne, a kan buɗaɗɗen cikin ɗan wani ƙurar za ta sauka.

Maigidana da ya koya mini riƙe sifana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana gyaran injin fasa dutse a wani wuri da ba zan ambata ba. Rawaninsa kawai yake ja ya rufe hanci. Da yamma idan ya dawo, girarsa fara fat kamar wanda ya fito daga buhun gari. A ƙarshen rayuwarsa ba ya iya zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Likita ya ce ƙurar dutse ce ta daskare masa huhu, kuma wannan ciwo ba shi da magani. Ƙurar da ke yin wannan ɓarna ta fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba, rawani ba ya tare ta, ƙyalle ba ya tare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na kashe mutum kusan miliyan 7 kowace shekara. Ni dai ɗaya na sani a cikinsu, ni na yi masa wanka.

Saboda haka roƙona ga masu injuna, manya da ƙanana, shi ne kuɗin canza mataci ya shiga lissafin wata kamar yadda kuɗin mai yake shiga. Shugabannin ƙananan hukumomi, idan mutum ya zo neman izinin kafa injin niƙa ko na fasa dutse a tsakiyar unguwa, a tambaye shi inda ƙurarsa za ta tafi kafin a buga masa hatimi. Wakilan masana'antu, mun gode da zuwanku, kuma muna roƙo ku ɗauki yaran nan ko na wata uku ne, ku gwada hannunsu a kusa da injiniyoyinku.

Alhazan kasuwa, ku na bari a ƙarshe da gangan. Jakar tace ƙura yadi ne da ɗinki da zoben ƙarfe. Yadin dole a sayo shi daga waje, ban musa ba. Amma ɗinkin me zai hana a yi shi a nan? Abin da ya tsaya mana keken ɗinki mai ƙarfi ne, da bandir ɗin yadin, da shago mai wuta. Garin da ke loda albasar Galmi zuwa Abijan ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Idan muka bar yaran nan da takarda kawai a hannu, kafin damina rabinsu sun hau kabu-kabu, sauran sun tafi cirani, wahalar malamansu ta tashi a banza.

Ku kuma 'ya'yana, takardar da za ku karɓa ba ta ba ku izinin raina tsofaffin kanikawa ba. Ku je wurin aiki a kan lokaci. Ku sa takunkumi na gaskiya kafin ku buɗe gidan jakunkuna, ku kashe wuta ku tabbatar ta mutu kafin ku sa hannu. Idan mai inji ya miƙo muku jabu ya ce ku ɗaura, ku ce masa a'a cikin ladabi, ko da zai kai aikin wani wuri. Wanda aka kora saboda wannan ya zo gareji ya same ni.

Allah ya yi muku albarka, ya ba mu damina mai kyau, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Littafin alkawarin gudummawa yana kan teburin nan na hannun dama, a buɗe yake. Alhazai, a taimaka a biya ta wurinsa kafin a nufi wajen abinci.