TUN RAN GINI, TUN RAN ZANE: NAƘASASSUNMU DA TASHAR JIRGIN KAFANCHAN

(Jawabin da kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a taron ƙungiya na shekara, a Gidan Waya)

Maganarmu ta yau a kan jirgin ƙasa ce. Mun san wani zai ce, wane jirgi kuma, alhali ciyawa ta rufe dogo? To, a yi mana haƙuri a saurara, ai shirunsa ne ma ya sa muka ga yanzu ne lokacin maganar.

Dattawa sun fi mu sanin tarihi. A 1927 aka haɗa layin da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna ta Kafanchan, aka kuma ja reshe zuwa Jos. A 1933 Sarkin Jama'a ya taso daga tsohon gari ya dawo Kafanchan. Zuwa 1964 dogo ya kai Maiduguri. Da yawa daga cikin kakanninmu albarkar reluwe ce ta kawo su yankin nan, wasu fatauci, wasu dako, wasu aikin tasha. Amma waɗanda suka gina tashoshin wancan zamani ba su yi tunanin gurgu ko makaho ko kurma ba. Matakalar tarago doguwa ce, ƙofa ƙunci gare ta, sanarwa kuma da baki ake yi.

Wani dattijo daga cikinmu, mai tafiya da keken guragu, ya ba mu labarin tafiyar da ya yi neman magani. A wata tasha, da jirgi ya tsaya, babu wanda aka ɗora wa aikin taimaka masa. 'Yan dako biyu ne suka sungume shi kamar buhun masara suka cusa cikin tarago, hularsa ta faɗi, jama'a na kallo. Ya ce mana ciwon da ya kai shi asibiti bai dame shi kamar kunyar ranar nan ba. Tun daga lokacin ya daina tafiya, har ganin likita ya bari. Jama'a, wannan uba ne ga wasunmu da ke zaune a nan.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, yanzu taimakon nan haƙƙi ne da doka ta tanada. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu. Dokar ta ce a gyara gine-ginen jama'a, har da tashoshin jirgin ƙasa, yadda naƙasasshe zai iya shiga da fita, ta kuma ba da wa'adin shekara 5, wanda ya cika a Janairun 2024. Ta ce a fara sallamar naƙasasshe a wurin layi. Wanda ya nuna masa bambanci, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6, kamfani kuwa naira miliyan 1. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuran naƙasassu domin ta sa ido.

A wasu ƙasashe abin ya zama tsari. A Ingila, fasinja kan sanar da tasha awa 2 kafin tafiya, ma'aikaci ya tarbe shi, ya shimfiɗa masa gangare zuwa ƙofar tarago, sannan ya kira tashar da zai sauka a jira shi. Kun ga babu wani sihiri a ciki, mutum ɗaya ne aka ce wannan aikinka ne.

To, ina ruwan Gidan Waya? A Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin gyara layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma a 2024 jirgi ya soma zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba. Layin nan ta Kafanchan ya bi. Duk ranar da aikin ya iso, tasharmu ce za a taɓa. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. In muka yi shiru har aka zuba siminti, shi ke nan, sai a ce mana babu kuɗin fasawa.

Saboda haka kwamiti na kawo shawara uku. Ta farko, ƙungiya ta rubuta wa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, ta hannun Ƙaramar Hukumar Jama'a da fadar Mai Martaba Sarki, a nemi gangare a ƙofar tasha da bakin tarago, makewayin da keke zai shiga, lasifika domin makafi, allon rubutu domin kurame, da ma'aikaci takamaimai mai tarbar naƙasassu.

Ta biyu, kada mu rubuta wasiƙar nan mu kaɗai a ɗaki. Mu zauna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da jama'arsu tukuna, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mu kuma gayyaci maƙwabtanmu Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da sauransu su sa hannu. Matakalar da ta gagari gurgunmu ita ce za ta gagari nasu.

Ta uku, kada mu jira jirgi. A tashar mota ta nan Gidan Waya da ta Kafanchan, kullum naƙasassu na hawa da sauka. Matasanmu, musamman ɗaliban Kwalejin Ilimi, su koyi yadda ake yi: ka tambayi mutum tukuna ko yana son taimako, ka bar makaho ya riƙe hannunka maimakon ka ja sandarsa, kada ka raba gurgu da kekensa sai da izininsa, ka fuskanci kurma in kana magana.

Muna roƙon taro ya amince yau a naɗa mutum 5, biyu daga cikinsu naƙasassu, su kawo daftarin wasiƙar a zama mai zuwa. Lafiyar da muke taƙama da ita aro ce, tsufa kuma na nan tafe ga kowa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.